Ƙirgen Shekaru da Tarihin Misau

Littattafan tarihi na cewa a 1831 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya damƙa Misau ga Mamman Manga, ɗan Gwani Mukhtar, bayan saɓanin da ya taso kan garin tsakanin Yakubun Bauchi da Ɗan Kauwa na Katagum. Sai dai mutanen wancan zamani ba su san wata shekara mai wannan lamba ba. Malamansu da Hijira suke lissafi, fada da shekarun sarauta, talakawa kuwa da abin da ya auku.

Wannan tsari ya daɗe a duniya. Rumawa da sunan manyan jami'an shekara suke kiranta, har Sarki Jastiniyan ya yi doka a 537 cewa a riƙa rubuta shekarar mulkin sarki a takardu. Lissafin Miladiyya wani malamin coci, Diyonisiyus, ya tsara shi a 525, domin kauce wa ƙirge da sunan Diyokiletiyan, sarkin da ya gallaza wa Kiristoci. Larabawa ma Shekarar Giwa suke ambato, sai a zamanin Sayyidina Umar aka ɗauki Hijirar 622 mafari. Ashe ke nan zaɓen mafarin ƙirge magana ce ta iko da aƙida.

Matsalar mai nazari tana wajen juya wani lissafi zuwa wani. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, don haka shekara 33 ta Hijira ba ta wuce kimanin 32 ta Miladiyya ba. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu ta faɗo a 1218, yaƙin Tabkin Kwatto a 1219, alhali duka biyun cikin 1804 suke. Littafin Tarihin Kano kuwa tsawon mulkin kowane sarki ya kawo; Baturen nan Palmer ne ya lissafa shekarun lokacin da ya fassara shi a 1908. Idan ana ƙirgawa zuwa baya, kuskure a sarauta ɗaya sai ya ja shekarun na gabanta duka.

Ƙirgen talakawa ma hujja ce. Dattijon da ya ce an haife shi shekarar canjin hannun tuƙi yana nufin 1972, ta canjin kuɗi zuwa naira kuwa 1973.

Saboda haka wajibi ne masu rubuta tarihin Misau da Katagum su kawo shekara yadda tushenta ya ba da ita, sannan su biyo da Miladiyya, su kuma taskace sunayen shekaru daga bakin dattawa tun suna raye.