Darajar Ƙaramin Dogo: Nazari a kan Masu Kwaikwayon Jirgin Ƙasa a Turai da Amurka

Kwaikwayon jirgin ƙasa, wato ƙera ko tara ƙananan jirage da taragu da tashoshi waɗanda aka ƙanƙanta bisa ma'auni guda, sannan a shimfiɗa musu dogo a kan tebur su riƙa tafiya da lantarki, aikin sha'awa ne da ya haura shekara 100 a Turai da Amurka, sai dai a mafi yawan wannan lokaci ana kallon magidancin da ke yin sa a matsayin wanda girma ya riska, ƙuruciya kuwa ta ƙi sakinsa. A Birtaniya har laƙabin "anorak" ake yi wa irinsa don ba'a, wanda asalinsa sunan rigar sanyi ce da masu tsayawa a bakin tasha suna rubuta lambobin jirage kan saka. Wannan raini ya ragu ƙwarai tun shigowar ƙarni na 21, kuma hujjar wannan maƙala ita ce darajar ta samu ne daga tsantsenin masu aikin da kuma ɓacewar abin da suke kwaikwayo, amma jama'ar da ke yabon sun fi son kallo a kan koyo.

Ba a banza aka raina abin da farko ba, domin a matsayin kayan wasan yara ya shigo kasuwa. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya baje tsarin dogo mai ƙayyadadden faɗi a kasuwar Leipzig a 1891, kamfanin Lionel ya kafu a New York a 1900, shi kuma Frank Hornby na Liverpool ya fito da jiragensa da ake yi wa wani kamar agogo a 1920. Abin da ya fara raba aikin da wasa shi ne shigowar manya cikin ƙungiya, tun daga kulob ɗin da aka kafa a Landan a 1910 har zuwa ƙungiyar NMRA ta Amurka a 1935, wadda ta tsara ƙa'idoji domin taragon wannan kamfani ya hau dogon wancan. Ma'aunin da ake kira HO yana nufin kowane abu ya zama kashi 1 cikin 87 na girmansa na ainihi, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5. Turawan Ingila sun ɗauki wannan dogo, amma suka ƙera jikin jirgin a kan kashi 1 cikin 76, wanda ake kira OO, saboda jiragensu na gaske ƙanana ne, injin lantarkin wancan zamani ba zai shiga ciki ba. Sakamakon haka dogon ya ƙuntata a ƙarƙashin jirgin, kuma wannan ɗan kuskure ya hana wasu barci har suka ware suna ƙera nasu dogon da hannu a kan milimita 18.83. Mai kallo daga nesa zai yi dariyar mutanen da suka ɓata shekaru a kan bambancin da bai kai milimita 3 ba, amma irin wannan tsantseni ne ke raba maƙeri da mai buga gwangwani, kuma shi ne ya sa masu aikin suka fara girmama kansu tun kafin wani ya girmama su.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 da dogo kimanin mil 5,000 a Birtaniya, sannan a watan Agusta na 1968 aka daina amfani da jirage masu tururi a manyan layukan ƙasar. Da abin ya ɓace daga ƙasa, sai na kan tebur ya koma shaida. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne gidan adana tarihi na Pendon da ke ƙauyen Long Wittenham, wanda Roye England, mutumin Ostareliya da ya zo Ingila a 1925, ya kafa a 1954. Ya ga ana rushe gidajen karkara masu jinkar ciyawa, sai ya riƙa auna su yana ɗaukar hotonsu, yana sake gina su ƙanana ɗaya bayan ɗaya, har da lambunansu da shingayensu, domin ya adana kamannin yankin kamar yadda yake a shekarun 1920 da 1930. Ya rasu a 1995 bai ga ƙarshen aikin ba, masu sa kai suka ɗora. Wanda ya tsaya gaban wannan shimfiɗa tarihin zaman karkara yake karantawa, jirgin da ke ratsawa kusan ƙarin bayani ne kawai.

Akwai kuma ɓangaren fasaha, wanda ba a cika sani ba: ɗaliban kulob ɗin kwaikwayon jirgin ƙasa na jami'ar MIT, wanda aka kafa a 1946, suna cikin na farkon da suka koma wasa da kwamfuta bayan sun goge a haɗa wayoyin sigina, kamar yadda Steven Levy ya nuna a littafinsa na 1984.

Amma idon jama'a bai juyo sosai ba sai da aka fitar da abin daga ɗakin ajiya zuwa dandali. A 2001 tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe Miniatur Wunderland a tsofaffin rumbunan tashar ruwa ta Hamburg, inda yanzu dogon ya haura kilomita 16, har da filin jirgin sama da ƙananan jirage ke tashi suna sauka, kuma maziyarta sukan wuce miliyan 1 a shekara. A 2019 mawaƙi Rod Stewart ya nuna wa mujallar Railway Modeller birnin da ya shekara 23 yana ginawa, kuma a watan Mayu na 2019 ɗin, da wasu matasa suka farfasa kayan baje kolin kulob ɗin Market Deeping, roƙon fam 500 da kulob ɗin ya yi ya tara sama da fam 100,000. Wannan kuɗi ya nuna cewa mutanen da ba su taɓa riƙe ƙaramin tarago ba sun gane aikin shekaru aka tattake.

Sai dai yabo daban, gado daban. Tikitin shiga Miniatur Wunderland kallon yini guda yake saye, ba ya haifar da wanda zai zauna shekara 10 yana fentin tubali da tsinken buroshi. Märklin kansa ya durƙushe da bashi a 2009 kafin masu kamfanin Simba Dickie su saye shi a 2013. A watan Janairu na 2024 shagon Hattons, wanda ya fara ciniki a Liverpool a 1946, ya sanar da rufewa, kuma a cikin watan ne kulob ɗin Warley ya ce ya daina shirya babban baje kolin da ya yi kimanin shekara 30 yana yi a zauren NEC na Birmingham, saboda masu sa kan da ke ɗauke da nauyinsa sun manyanta. Zauren bai zauna fanko ba, domin wani kamfanin buga mujallu ya shirya nasa bajen a can a watan Nuwamba na shekarar, amma ragamar ta riga ta fita daga hannun maƙeran ta koma hannun 'yan kasuwa.