Garka da Makaranta a Kwarin Gulbin Maraɗi

Tun kafin ɗayanmu ya ɗauki alƙalami da niyyar karatun noma, kakanninmu Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun riga sun mallaki ilmin garka, domin da zarar ruwan Gulbi ya janye, sai su bi danshin fadama da taba da alkama da albasa, suna ɗibar ruwa da guga daga rijiyoyin da ba su da zurfi, ɗa yana koyo a gefen mahaifinsa, ba littafi ba ijaza.

Da Faransawa suka kafa gonar gwaji a Tarna, wadda daga baya ta koma hannun cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, da aka kafa a 1975, sai aka buɗe wata ƙofa ta neman ilmi da tafiya. Magabatanmu a wannan aiki sun fara daga makarantar Kollo, wasu suka zarce Katibugu a ƙasar Mali, wasu Faransa, wasu kuwa Samaru ta Zariya, inda ake binciken noma tun 1922. Suka komo da sanin zaɓen iri da awon taki da yaƙi da ƙwari, alhali a farko manomi yakan saurari malamin gona cikin ladabi, sa'an nan ya koma ga abin da ya gada.

Farin 1984 shi ya sulhunta ɓangarorin biyu, yayin da hukuma ta mai da noman rani sha'anin ƙasa baki ɗaya. A Jiratawa, inda injuna ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa fili fiye da hekta 500, na shaida yadda mai takarda ke auna tazarar shuka, tsoho kuwa ya murza ƙasa a tafin hannunsa ya faɗi ranar da za ta buƙaci ruwa, kuma zogalen da ake lodawa buhu-buhu zuwa kasuwa albarkar wannan tarayya ce.

Yanzu da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke koyar da noma a Maraɗi, wajibi ne masu fita waje su san abin da za su nemo. Tun da aka gina madatsar Jibiya, Gulbi ba ya malala kamar dā, saboda haka ilmin tattalin ruwa shi ne farali a kan ɗalibanmu, in Allah ya yarda.