Ina akwatin kayan gaban ID. Buzz ya tafi?

Duk mai zama a Legas ya san danfo, kuma akasarinsu tsofaffin bas ɗin Volkswagen ne. Jikarsu mai lantarki, ID. Buzz, ita na bi diddiginta daga baje koli zuwa kasuwa.

A 2017, a Ditiroyit ta Amurka, kamfanin ya nuna samfurinta da wurin kaya biyu, but na baya da wani na lita 200 a gaba. Akwatin tsakiya yana zamewa gaba da baya, kujerar direba tana juyawa.

Da ta shiga kasuwa a 2022, na gaban nan babu shi. Kayan na'urar sanyi da na lantarki sun cinye wurin. Samfurin nuni ai ba a yi masa gwajin haɗari, ba ruwansa da farashi. Abin da ya rage shi ne akwatin tsakiya mai durowa da ake iya cirewa, sai but mai lita 1,121 bayan kujerun baya.

Ni dai na gaban ya fi yi mini ciwo, don nan ne ɗan kasuwa zai kulle jakar kuɗi. Hotunan 2017 kuwa har yanzu suna intanet, kafin ka biya dillali, ka buɗe motar da hannunka.