Tsagar da ke jikin jirgin faiba: Abin da mai saye ya kamata ya duba kafin ya biya

Tun bayan kifewar jirgin ruwa a Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya biyo baya a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano ranar 30 ga Nuwamban shekarar, inda akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne, hukumomi ke ta kiran a bar kwale-kwalen katako a koma jiragen faiba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, na cikin masu wannan kira.

Masu su daga yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan ba su da nisa da manyan ruwaye: ga madatsar Galma a Kubau, ga ta Tiga a jihar Kano. Sabon jirgin faiba kuwa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin masunci, don haka na hannu ne zai fi kai wa gare shi. Matsalar ita ce, idon da ya saba gane ruɓaɓɓen katako bai san yadda faiba ke nuna ciwonta ba.

Yadda aka gina jikin jirgin

Jikin jirgin faiba hawa biyu ne. A ciki akwai zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro har ya daskare, kuma shi ne ƙashin jirgin. A waje akwai wani siririn ɓawo mai sheƙi da ake kira jelkot, wanda kaurinsa yawanci kimanin rabin milimita ne ko sama da haka kaɗan. Aikinsa shi ne ya kare zaren daga ruwa da rana.

Zaren yana iya tanƙwaruwa ya dawo, amma ɓawon ba ya jure haka, sai ya tsage. Saboda haka tsagar ba lallai ita ce cutar ba. Alama ce da ke nuna abin da ya taɓa samun jirgin.

Abin da siffar tsaga ke nunawa

Ƙananan tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo da suka bazu a faffaɗan wuri yawanci aikin rana ne da tsufa, ko kuma an shafa ɓawon da kauri tun a masana'anta. Irin waɗannan sun fi zama dalilin neman ragi fiye da dalilin fasa ciniki.

Tsagar da ta fito daga wuri guda ta watsu kamar tauraro tana nuna wani abu ya bugi wurin, dutse ko kututture. Dole a leƙa ta ciki. Idan zaren da ke bayan wurin ya yi fari, bugun ya ratsa.

Wadda ta fi hatsari ita ce mai layi-layi a jere, musamman a ƙasan jirgin, a gindin kujeru, ko a kusurwoyin bangon baya inda ake ɗaura inji. Ma'anarta wurin yana motsi fiye da kima. A jirage da yawa akwai katako a cikin bangon bayan, kuma idan ruwa ya shiga ta ramin ƙusa yakan ruɓe a ɓoye alhali waje na sheƙi.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

A sa a fito da jirgin kan tudu, a wanke shi, a duba shi da rana. A bi layin tsagar da farce: idan farcen ya maƙale ko bakin tsagar ya buɗe, ta yi zurfi. A danna wurin da tafin hannu, domin lafiyayyen jiki ba ya lotsawa. A ƙwanƙwasa da ƙotar sukuddireba: ƙara mai kaifi alamar lafiya ce, mai dushi-dushi kuwa tana nuna zaren ya rabu ko ya sha ruwa. Idan akwai inji, a ɗaga ƙafarsa a jijjiga, a ga ko bangon baya zai motsa ko ruwa mai launin ƙasa zai tsattsafo.

Sabon fenti a wuri ɗaya tak abin tambaya ne. Fenti ba ya ɗinke tsaga, ɓoye ta kawai yake yi, kuma za ta sake bayyana. Gyaran gaskiya shi ne a kankare layin a cike shi, in kuma ya kai ga zaren, a ƙara sabon zare bayan an magance abin da ke sa wurin motsi.

Hakkin jama'a

Wannan sani bai tsaya ga masunci kaɗai ba, domin jirgin da aka saya don su shi ne wani lokaci ke ketarar da mutane ranar kasuwa ko biki. Duk sa'ad da wata gwamnati ko ɗan siyasa suka raba jirage, al'umma na da damar tambaya ko sababbi ne, wa ya duba su, mutum nawa aka ƙayyade musu, kuma ina za a samu mai gyaran faiba a kusa. Jirgin faiba ma yana nutsewa idan aka yi masa lodin da ya wuce kima, kuma ba ya maye gurbin rigar kariya.