Iska, Ruhu da Gobir

Mu da muka taso tsakanin Unguwar Lalle da Sabon Birni mun san cewa in aka ce iska ta taɓa mutum, ba ta damina ake nufi ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi mubaya'a sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, da Innarsu, uwar 'yan bori, wadda sarki kansa ke shakkarta.

A wannan garin ne 'yan mishan na SIM suka sauka a ƙarshen shekarun 1920. Ba su tarar da masu musun gaibu ba. Sun tarar da mutanen da suka san Doguwa da suna da halinta. Aikin sai ya koma na kalma. A Girkancin Sabon Alkawari, kalma ɗaya ce ke nufin iska da ruhu, daidai da Hausa. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, ya ɗauki Ruhu Mai Tsarki daga Larabci, ya ce da miyagun ruhohi aljanu. A ganinmu dole ce ta sa: mai rubuta manhaja ma ba ya ba abubuwa biyu suna ɗaya.

Sai dai Bagobirin da ya karɓi baftisma bai daina ganin iskoki ba. Matsayinsu ne ya sauya: na jiya da ake yanka wa akuya, yau ana korarsu da addu'a. Nan cocin Fentikos suka sami shiga a Maraɗi a shekarun 1990.