Rashin Shuɗin Dutse Ba Hujjar Rashin Nutsewar Ɓawon Teku Ba Ne

Tun bayan aikin Miyashiro (1961) a kan duwatsun Sanbagawa da Ryoke na Japan, masana sun yi ittifaƙi cewa shuɗin dutse mai ɗauke da ma'adinin gilokofen ba ya samuwa sai inda matsi ya tsananta alhali zafi bai taka kara ya karya ba, wato inda ɓawon teku mai sanyi ya nutse ƙarƙashin wani ɓawon. Saɓanin yana kan hukuncin da Stern (2005) ya ɗora a kai: tun da mafi tsufan irin wannan dutse, kamar na Aksu a ƙasar Sin, bai haura shekara miliyan 800 ba, to nutsewar ɓawo irin ta yau ma a lokacin ta fara.

A ganina, hukuncin ya fi hujjarsa girma. Da fari, shuɗin dutse ba ya jure zafi. Da zarar wani sabon zafi ya shige shi, sai ya rikiɗe zuwa koren dutse, shaidar ta shafe, tsofaffin duwatsu kuwa sun sha irin wannan rikiɗa sau da dama. Na biyu, Palin da White (2016) sun nuna cewa ɓawon tekun farkon duniya ya fi na yau yawan maganiziyam, don haka ko ya nutse cikin sanyi ba lallai ya haifar da gilokofen ba.

Stern zai amsa cewa ba shuɗin dutse kaɗai ya dogara da shi ba: duwatsu masu ɗauke da ma'adinin kowisayit, kamar na Gurma a arewacin Mali masu kimanin shekara miliyan 620, su ma a wancan zamanin suka bayyana. Wannan amsa tana da ƙarfi, kuma ba na jin lalacewar shaida kaɗai ta isa ta rushe ta. Sai dai duwatsun ekulojayit na Usagara a Tanzaniya da na Nyong a Kamaru, masu kimanin shekara biliyan 2, sun nuna cewa ɓawo ya riga ya yi nitso mai zurfi tun kafin nan.

Iyakar abin da shaidar ta ba mu damar faɗa shi ne: nutsewa mai tsananin sanyi ta yawaita daga shekara miliyan 800 da suka wuce. Ita kanta nutsewar ta girmi shuɗin dutse.