Asibitin da Ya Ɓace Daga Taswira: Tarihin Magani a Wasan Pokémon

A daminar 2016, ƙanena da ke zaune tare da mu a Gyaɗi-Gyaɗi ya shafe kusan mako biyu yana zirga-zirga tsakanin Court Road da Titin Zariya, idonsa a kan waya. Wasan Pokémon GO yake yi, wanda a lokacin duniya ta rikice a kansa. Ya kama dodanni da dama, ya shiga ɗaya daga cikin rundunonin wasan guda uku, ya yi karawa kaɗan, sannan ya ajiye. Na zaci data ce ta ƙare masa. Da na tambaye shi, sai ya ce dodanninsa masu ƙarfi duk sun suma, kuma ba shi da maganin da zai farfaɗo da su.

Amsar ta ba ni dariya, musamman da yake unguwarmu tana maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ba ta rasa kantunan magani ba. Sai daga baya, da na bi tarihin wasan, na gane cewa yaron ya taɓo wani sauyi da aka yi da gangan. Shekara 20 kafin ranar, a wasan Pokémon na farko, ba yadda za a yi ɗan wasa ya tsaya cak saboda rashin magani, domin a cikinsa akwai asibiti, kuma kyauta yake.

Dabarar auna lafiyar mayaƙi da lamba ta girmi Pokémon. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir. Kowane jarumi yana da makin lafiya, abin da yaran gidan gem a nan Kano suke kira jini. Sara ko suka yana rage shi, kwalbar magani ko addu'ar malamin tawaga tana mayar da shi. Japanawa suka ɗauki tsarin suka sa shi a wasannin talabijin. A Dragon Quest na 1986 jarumi yana sayen ganyen magani a kanti, idan kuma ya jigata sai ya biya kuɗin masauki ya kwana, ya tashi garau. Wato tun farko lafiya abar saye ce a irin waɗannan wasanni.

Satoshi Tajiri ya bi wata hanya dabam. An haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo, yana yaro mai farautar ƙwari a gonaki da kududdufai, kafin gine-gine su cinye wuraren. Wasan da kamfaninsa Game Freak ya yi wa Nintendo ya fito ranar 27 ga Fabrairu 1996 a kan na'urar hannu ta Game Boy, da dodanni 151. Ɗan wasa yana yawo da shida daga cikinsu, yana tura su fage ɗaya bayan ɗaya. Dodon da jininsa ya ƙare ba ya mutuwa, suma yake yi. Mai bin dambe zai lura da bambancin harshe a nan: mu idan aka kai ɗan dambe ƙasa cewa muke an yi kisa, alhali ga shi zai miƙe ya karkaɗe jikinsa, su kuwa ba sa cewa dodon da aka kayar a fage ya mutu.

Akwai magani na sayarwa a wancan wasa. Ƙaramar kwalba, Potion, tana mayar da maki 20 a kan kuɗin wasa 300. Maganin farfaɗowa, Revive, yana tayar da sumamme da rabin jininsa a kan 1,500. Amma kusan kowane gari yana da Pokémon Center, inda za ka miƙa dodanninka shida a dawo maka da su lafiya lau ba tare da ka biya ko sisi ba, sau nawa ka ga dama. Maganin kanti guzurin tafiya ne kawai, na wanda ya yi nisa cikin daji ko kogo. Idan ma duka shidan suka suma, wasan zai cire rabin kuɗinka ya mayar da kai asibitin da ka ziyarta na ƙarshe, ka sake ɗaura ɗamara.

Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ganin ta fi komai nuna tunanin masu wasan. Idan yara biyu suka haɗa na'urorinsu da waya don su kara da juna, ba a yarda kowa ya buɗe jakarsa ya ɗauko magani ba. Mai kwalba 50 da wanda ba shi da ko ɗaya daidai suke a fage.

Pokémon GO ya fito ranar 6 ga Yuli 2016 a Amurka da Ostareliya da New Zealand, kuma kafin ƙarshen Satumba an sauke shi fiye da sau miliyan 500. Kamfanin da ya yi shi, Niantic, na masu taswira ne. Shugabansa na lokacin, John Hanke, shi ne ya jagoranci Keyhole, kamfanin da Google ya saya a 2004 ya mayar da shi Google Earth. Don haka filin wasan ya zama titunan garinku na gaske, kamar yadda GPS ɗin wayarka ya nuna su. Idan ka kai mataki na biyar sai ka zaɓi runduna: Valor mai ja, Mystic mai shuɗi, ko Instinct mai rawaya. Rundunonin suna ƙwace dandalin karawa daga hannun juna, kamar yadda Kudu da Arewa da Guramada suke neman rinjaye a gidan dambe.

Abin da ba a kawo cikin sabon wasan ba shi ne asibitin. Dodon da ya suma haka zai zauna, ko shekara zai yi, har sai ka ba shi maganin farfaɗowa, sannan ka bi shi da kwalabe don cike sauran jinin. Babbar hanyar samun maganin ita ce ka taka da ƙafarka zuwa wata tasha da ake kira PokéStop, ka murza alamarta a waya, ta zubo maka abin da ta ga dama, ka jira minti biyar kafin ta sake bayarwa.

Dalilin cire asibitin ba ɓoyayye ba ne. Wasan 1996 sau ɗaya ake sayensa, kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba abin da zai rage masa idan ya yi maka jinya kyauta. Har a Scarlet da Violet na 2022, waɗanda su ma saye ake yi, asibitin yana nan kuma ba a biya. Pokémon GO kuwa kyauta ake sauke shi, saboda haka dole a samar da abin da zai riƙa fitar da kai daga gida kullum, da abin da zai ƙare maka har ka ji sha'awar saye. Daga baya kantin wasan ya fara sayar da manyan magungunan da tsabar wasa, wadda ake iya saye da kuɗin gaske. Adalci ne a faɗa cewa ɗan wasan da ke tsakiyar Landan ko Tokyo bai cika sayen magani ba. Tashoshi sun kewaye shi, har zubar da kwalabe yake yi don jakarsa, mai cin kaya 350 a farko, ta samu wuri.

To su waye suka dasa tashoshin? Kafin Pokémon GO, Niantic yana da wani wasa mai suna Ingress da ya fara a 2012, inda ɓangarori biyu suke ƙwace wurare a kan taswira. An fara cike taswirar da bayanan allunan tarihi na Amurka da hotunan da jama'a suka ɗora a intanet, sannan aka bar 'yan wasa su riƙa ɗaukar hoton gini ko zane ko wurin ibada su tura a amince. Waɗannan wuraren ne aka mayar tashoshi da dandalin karawa a 2016. Unguwar da ta samu masu wayar zamani da data da lokacin yawo a 2013 ta tashi da kantin magani a kowace kwana. Unguwar da ba ta samu ba ta tashi fayau. Wani bincike da aka gabatar a taron masana na CHI a 2017 ya nuna cewa ko a cikin Amurka, karkara da unguwannin tsiraru sun fi ƙarancin tashoshi. Idan haka abin yake a can, mai karatu zai iya kwatanta lungunan Tarauni a shekarar da 3G ma sai an nemi inda yake kamawa.

Wannan ne ya kayar da ƙanena. Ba abokin gaba ne ya fi shi iya wasa ba, nisan da ke tsakaninsa da tasha ta gaba ne ya yi yawa, kuma kowace karawa tana cin magani fiye da abin da tafiyar yini take samar masa.

A Yuni 2017 Niantic ya sake fasalin karawar. Kowane dandali ya koma ɗaukar dodanni shida na runduna ɗaya, kuma ƙarfinsu yana raguwa da lokaci sai wani ɗan rundunar ya zo ya ba su 'ya'yan itace. A karon farko ɗan ɓangarenka yana iya taimakon dodonka, kamar yadda 'yan ɓangare suke rugawa su yi wa ɗan dambensu fifita su zuba masa ruwa tsakanin turmi da turmi. Amma tsarin biyan lada ya zo da wani abin mamaki. Dodonka yana tara tsaba ɗaya duk minti goma da ya yi yana gadi, iyaka 50 a rana, sai dai ba za ka karɓa ba sai abokan gaba sun kayar da shi ya dawo gida a sume. A garin da 'yan wasa suka yi yawa hakan yana faruwa cikin sa'o'i. A inda babu kowa, dodo yana iya yin makonni a kan dandali yana jiran wanda zai zo ya doke shi, mai shi kuma bai samu ko tsaba ɗaya ba. A wasu wuraren 'yan rundunoni masu gaba da juna har yarjejeniya suke ƙullawa: yau ku kayar da mu, gobe mu kayar da ku.

A wannan wata ne kuma aka kawo karawar taron dangi, inda mutum har 20, daga kowace runduna, suke haɗuwa a wuri ɗaya su far wa wani ƙaton dodo kafin agogo ya cika. Manyan ciki daƙiƙa 300 ake bayarwa. Idan dodanninka shida suka suma kana iya fita ka ba su magani ka koma, amma agogo ba ya jiranka. A nan buƙata ta zama biyu, magani da mutane, kuma wanda ya rasa tasha yawanci shi ne ya rasa abokan. Ranar 22 ga Yuli 2017 kimanin mutum 20,000 suka taru a Grant Park da ke Chicago don bikin wasan na farko, layukan waya suka cushe, da yawa suka kasa shiga wasan ma. Ƙarar da ta biyo baya ta ƙare da sasanci na fiye da dala miliyan ɗaya da rabi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun rage raɗaɗin. Daga Yuni 2018 abokai suna iya aika wa juna kyauta ko daga wace ƙasa, kuma a cikinta akan samu magani. A Disamba 2018 aka buɗe karawa tsakanin mutum da mutum da dodanni uku-uku, aka kuma dawo da ruhin tsohuwar ƙa'idar Game Boy: ba a shan magani a fage, kuma raunin ba ya bin dodo gida. An kuma bai wa 'yan Pokémon GO damar tura sababbin wurare a mayar da su tashoshi, sai dai da farko sai wanda ya kai mataki na 40, ƙololuwar wasan a lokacin, mai buƙatar maki miliyan 20. Wanda ba shi da tasha kusa da shi ne aka ce ya tara wannan maki kafin ya roƙi tasha. An sassauta sharaɗin daga baya.

Annobar korona ta tilasta abin da koke-koke suka kasa. A Afrilu 2020 aka fito da tikitin shiga taron dangi daga nesa a kan tsaba 100, daga baya kuma sai ga ɗan Kano yana iya amsa gayyatar aboki a Jamus ko Indonesiya yana zaune a ɗakinsa. Shekara uku bayan haka, a Afrilu 2023, kamfanin ya ɗaga farashin zuwa 195 ya kuma taƙaita shiga zuwa sau biyar a rana, da hujjar cewa yana son mutane su koma haɗuwa a waje. Hujjar tana da ma'ana ga mai wurin haɗuwa. A ganina kamfanin ya auna duniya da unguwannin da taswirarsa ta riga ta cika, ya manta da waɗanda tikitin nesa ne kaɗai ya taɓa haɗa su da runduna.

Ga mai karatu a Arewa akwai wani zare na labarin da ya cancanci ambato. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, yana kafa hujja da kamanninsa da caca a wasan katinsa da kuma batun rikiɗar halittu, kuma an sake tayar da maganar a 2016 da sabon wasan ya fito. A 2023 Savvy Games Group, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ya sayi kamfanin Scopely na Amurka a kan dala biliyan 4.9. A Maris 2025 Scopely ya sanar da sayen sashen wasanni na Niantic a kan dala biliyan 3.5, har da Pokémon GO da Wayfarer, manhajar da ake bi a nemi sabuwar tasha. Duk ɗan Gyaɗi-Gyaɗi da ya ɗauki hoton wani gini a yau ya tura don a dasa wa layinsu wurin karɓar magani, ta wannan manhaja buƙatarsa za ta bi.